Manhajar ta ce kashi 95, amma ta shafe mini kuromosom da ja: yaya ake gwada irin waɗannan?

'Yar Aboabo ta rubuta:

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Na daɗe ina leƙowa ina karanta abin da kuke tattaunawa, ban taɓa tsoma baki ba. Yau dai tura ta kai bango.

Ina shekarar ƙarshe ta digiri na biyu a nan Kumasi, aikina kuma a kan ƙwayar da ke kawo zazzaɓin cizon sauro ne, Plasmodium falciparum. Malamina ya ba ni manhajoji uku da aka ce suna gano wuraren da ke sarrafa ƙwayoyin gado a cikin DNA. Ya ce in gwada su in zo masa da wadda za mu dogara da ita, domin daga abin da ta nuna ne zai zaɓi wurare goma a gwada a ɗakin gwaji. Kuɗin sinadaran da ke hannunmu na goman nan ne kawai, babu na sha ɗaya.

Ga waɗanda ba fanninsu ba ne: ƙwayar gado ba ta kunna kanta. A gabanta akwai yankin da ake kira furomota, inda ake fara karanta ta. A cikin yankin, ko can nesa da shi, akwai 'yan gajerun kalmomi masu harafi shida ko takwas, waɗanda wasu furotin ke zuwa su zauna a kansu su ce a kunna ko a kashe. Waɗannan wuraren nake nema.

Na sauko da jerin haruffan DNA (A, T, G da C) na 3D7, nau'in ƙwayar da aka saba bincike da shi, daga rumbun bayanai na PlasmoDB. DNA ɗin ƙwayar a rarrabe yake zuwa kashi-kashi da ake kira kuromosom, na fara da na 1 don shi ne ƙarami, haruffa wajen 640,000, kwamfutata ba ta da ƙarfin ɗaukar duka 14 ɗin a tashi ɗaya. Manhajar farko, wadda takardarta ta ce daidaitonta ya kai kashi 95 cikin ɗari, ta shafa ja a kusan duk wani fili da ke tsakanin ƙwayoyin gado. Ta biyu ta ba ni wuraren da ba su kai ashirin ba a kuromosom ɗin gaba ɗaya. Ta uku mai neman kalmomi ce, na ba ta haruffa dubu na gaban kowace ƙwayar gado, babbar kalmar da ta dawo mini da ita ita ce ATATATAT, mai bi mata AAAAAAAA.

Daren Talata ina zaune a tsakar gida bayan sallar isha, kwamfutar a kan cinyata, Mma tana gefe tana tace gasarar kokon da za ta fita da shi da asuba. Ta leƙo ta ga allon ya yi jawur, ta ce, "Duk wannan jan abin da kike nema ne?" Na ce haka manhajar ta ce. Ta ce, "To ai kin gama ke nan." Na kasa ba ta amsa, don ni kaina na san abin da ya cika kowane lungu ba shi nake nema ba.

Abokin karatuna ya ce in rubuta ta farko kawai, tunda ita ce mai kashi 95 kuma an buga ta a mujalla. Zuciyata ba ta kwanta da haka ba. Da daminar bara ɗan yayata ya kwana huɗu a gadon asibiti saboda wannan ƙwayar, ni ce na yi jinyarsa, ban shiga aikin nan don in cika takarda ba.

Tambayata: da me zan auna su? Da me zan kwatanta abin da suka fitar, tunda ba ni da amsar a hannu? Kuma wannan kashi 95 ɗin, me yake nufi in ba abin da nake gani ba?

Ɗan Nima ya amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya ƙara wa yaron lafiya, ya kuma saka miki da kika ƙi bin ta sauƙi. Ni a Akra nake, aikin lissafin bayanan lafiya nake yi, kuma na sha irin wannan ruwan tun ina kwas ɗin H3ABioNet, don haka bari in zauna in warware miki.

Mu fara da kashi 95. Yawancin masu irin wannan manhaja ga yadda suke jarraba ta: su tara furomota na gaskiya dubu, su tara gutsattsarin da ba furomota ba dubu, rabi da rabi, su ce ta rarrabe. A haka ake samun kashi 95. Amma jinom, wato dukkan DNA ɗin halitta, ba rabi da rabi ba ne. Ɗauki na ɗan Adam, haruffa wajen biliyan 3.1. Yanka shi gunduwa-gunduwa, kowace harafi dubu, kin samu gunduwa miliyan 3.1. Ƙwayoyin gadon da ke yin furotin wajen 20,000 ne, mu ce furomota 20,000. Manhajar ta kamo kashi 95 na waɗannan, 19,000 ke nan, madalla. Sauran gunduwar kuwa, miliyan uku da dubu tamanin, ta yi kuskure a kashi 5 kacal, wato 154,000. Haɗa su: ta miƙo miki wurare 173,000, na gaskiya a ciki 19,000. Kashi 11. Kusan tara cikin kowane goma ƙarya ne, alhali masu ita ba su faɗi ƙarya ba da suka ce 95.

Saboda haka ki ajiye kalmar daidaito gefe. Tambaya biyu za ki yi wa kowace manhaja. Cikin na gaskiya ɗari, nawa ta kamo? Wannan yawan kamu. Cikin ɗarin da ta kamo, nawa ne na gaskiya? Wannan tsabtar kamu. Matacin Mma ya isa misali: in ramukansa sun yi faɗi, gasara da dusa duk su wuce, babu abin da ya ɓata miki amma ba ki tace komai ba. In ya toshe, abin da ya ɗigo tas yake, sai dai ba ya cika ludayi. Ke da za a gwada wurare goma kacal, tsabtar kamu a can saman jerin ita ce ta dame ki. Ki jera abin da kowacce ta fitar bisa makin da ta ba shi, ki duba hamsin na sama, ki duba ɗari na sama.

Yanzu ƙwayarki. Ita tata matsalar ta daban ce. Tun da aka fitar da jinom ɗinta a 2002 aka san cewa wajen kashi 80 na haruffanta A ne da T, a filayen da ke tsakanin ƙwayoyin gado kuma abin yana dosar kashi 90. Kalmar TATAAA da manhajojin da aka horar da DNA ɗin mutum ke farauta, in haruffa huɗun nan sun zo daidai wa daida, sau ɗaya za ta faɗo da ka a cikin haruffa 4,096. A filin da A da T suka kai kashi 90 kuwa, lissafi ya nuna sau ɗaya a haruffa wajen 120. Ga jan da ya cika miki allo. Ta biyun, ina kyautata zaton tsibiran CpG take nema, wuraren da C da G suka taru, domin fiye da rabin furomotan mutum a irin waɗannan tsibiran suke. A jinom ɗin da G da C ba su kai kashi 20 ba, me za ta samu? Ki buɗe takardar kowacce ki ga da DNA ɗin wace halitta aka horar da ita. Sau da yawa amsar tana can cikin sashen hanyoyin aiki, inda mutane ba sa karantawa.

Ta ukun ba lallai laifinta ba ne. Irin su MEME da HOMER suna neman kalmar da ta fi yawa a jerinki idan aka kwatanta da wani jerin da ake aunawa da shi. In ba ki ba ta wannan jerin na biyu daga ita kanta ƙwayar ba, ko ba ki sanar da ita yadda haruffa ke bin juna bibbiyu da uku-uku a jinom ɗin ba, ATATAT za ta yi ta kawo miki har gobe.

Abin da nake so ki riƙe da kyau shi ne jerin "a'a", wato gutsattsarin da kika ce ba su ba ne. Nan ake cin kasuwar. Idan jerin "e" ɗinki daga gaban ƙwayoyin gado yake, na "a'a" kuma daga cikinsu, to duk wanda ya iya ƙirga A da T ya ci jarrabawar, don cikin ƙwayar gado G da C sun fi yawa. Ki ɗebo "a'a" daga filayen tsakani masu yawan A da T iri ɗaya da na "e", tsawonsu ɗaya. Ki ƙara wani jerin da kika hautsina haruffan na "e" ɗin amma kika bar yawan haruffa bibbiyu yadda yake. Sannan ki shigar da 'yan takara biyu da ba su da wayon komai: ɗaya yana ba da maki bisa yawan A da T kawai, ɗaya yana cewa duk abin da ke cikin haruffa dubu na gaban ATG, kalmar da rubutun furotin ke farawa da ita a ƙwayar gado, shi ne. Layi goma na Python ya ishe su. Manhajar da ta kasa wuce waɗannan biyun ba ta koyi komai ba.

Sai batun apo, wato ganin tambayoyin jarrabawa kafin a shiga, kin san shi tun a sakandare. Idan za ki sake horar da wata da bayanan ƙwayar, kada ki watsa gutsattsarin ki raba da ka. Ki ware kuromosom sukutum don jarrabawa. Ko hakan ma bai isa ba a falciparum, domin dangin ƙwayoyin gadon var, su wajen 60, da rifin da stevor suna zaune a ƙarshen kusan kowane kuromosom, kuma gabansu ya yi kama da juna sosai. Manhaja ta ga ɗaya a horo, ta haɗu da ɗan'uwansa a jarrabawa, ta ci, ki ɗauka ilimi ne. Ki fitar da su, ko ki auna su su kaɗai.

Kada ranki ya ɓaci, ba ke kaɗai ba ce. A 2005 Martin Tompa na Jami'ar Washington da abokan aikinsa sun gwada manhajojin neman kalmomi 13. Masu manhajojin ne da kansu suka sarrafa su ba tare da sun san amsa ba, kuma sakamakon kowa ya yi ƙasa, duk da Weeder ta ɗan fi sauran. Shekara guda kafin nan Wasserman da Sandelin sun rubuta cewa kusan duk mazaunin furotin da kwamfuta ta hango daga haruffa kaɗai ba ya aikin komai a cikin rai. Har suna suka sa wa abin, ƙa'idar aikin banza.

Amsar da za ki auna da ita: bayanan ATAC-seq na falciparum da aka fitar a 2018, waɗanda suka nuna inda DNA ke buɗe, da taswirar inda ake fara karanta ƙwayoyin gado. Manhajar Bedtools za ta nuna miki inda suka haɗu da naki. In wuta ko kwamfuta ta hana, ki ɗora aikin a Galaxy, shafin intanet da ke yin lissafin a kwamfutocinsa, ki je ki kwanta.

Ɗan Ayigya ya amsa:

Yaya, ni ɗalibin kwamfuta ne a shekara ta uku, ku gafarce ni in na yi katsalandan. Me ya sa za a wahala da waɗannan tsofaffin? Na karanta cewa Enformer na DeepMind yana duba haruffa kusan 200,000 a lokaci guda, ga AlphaGenome da ya fito a 2025 yana duba miliyan guda. Ba sai ta zuba musu kuromosom ɗin ta huta ba?

Ɗan Nima ya amsa:

Tambayarka a kan hanya take, ƙanena. Su biyun da bayanan mutum da ɓera aka horar da su. Furotin da ke kunna ƙwayoyin gadon falciparum yawancinsu dangin ApiAP2 ne, su 27, waɗanda aka gano a 2005, kuma sun fi kama da na tsirrai a kan namu. Mutum da ɓera ba su da su. Wanda ya haddace ƙamus ɗin Hausa ba za ka miƙa masa wasiƙar Tuwi ka ce ya fassara ba, ko da haruffan boko ɗaya ne. Ko a kan mutum ɗin ma, gwaje-gwajen da aka buga a 2023 sun nuna Enformer ya iya bambanta wannan ƙwayar gado da waccan, amma yana tuntuɓe in aka ce ya faɗi bambancin da ke tsakanin mutum da mutum a ƙwaya ɗaya. Duk girman manhaja, tambayoyin da na lissafa a sama sai ta amsa su.

Hajiyar Madina ta amsa:

Ɗiyata, sannu da ƙoƙari. Na karanta bayanin Malam na Nima sau biyu, lissafinsa babu gyara. Wuri ɗaya ne ban bi shi ba, inda ya ce "amsar da za ki auna da ita". Shekara goma sha ɗaya ina renon wannan ƙwayar a kwalba, ina ba ta jini da ruwan abincinta na RPMI, ina canza mata ruwa har ranar Sallah. Abin da na koya shi ne ATAC-seq shaida ne, ba alƙali ba.

Abin da yake gaya miki shi ne wurin a buɗe yake. Ƙofa a buɗe ba ta nuna akwai mai shiga. Ga shi kuma sinadarin Tn5 da ke yanka DNA a wannan gwajin yana da haruffan da ya fi so, PCR ma, wato hanyar ninka kwafin DNA, yana ƙyamar gutsuren da A da T suka yi masa yawa. Shi ya sa masu aikin kirki suke yanka tsirarar DNA a gefe su kwatanta. Ki tabbatar bayanan da za ki sauko da su an yi musu wannan gyaran.

Na biyu, lokaci. Ƙwayar nan awa 48 take zagayenta a cikin jan jini, daga zobe ta girma ta cika ta fashe. Wurin da ke buɗe a awa 10 yana iya rufewa a awa 40. Akwai kuma waɗanda ba sa buɗewa sam sai a cikin sauro ko a hanta. To in manhaja ta nuna wuri, ke kuma ba ki gan shi a bayanan jini ba, kika rubuta "kuskure", wataƙila ita ce mai gaskiya. Jerin "a'a" ɗin nan sunansa na gaskiya "ba a gani ba tukuna". Ki faɗi haka ƙarara a cikin kundinki, ki kuma auna kowane mataki daban.

Bari in ba ki misali daga jikinmu, don ki ga ba ƙwayar sauro kaɗai ba ce. Yawancinmu a Afirka ta Yamma jajayen ƙwayoyin jininmu ba su da furotin ɗin Duffy, wanda Plasmodium vivax ke kamawa ta shiga. A 1995 aka gano dalili: harafi ɗaya ne ya sauya a furomota, T ya zama C, daidai inda furotin GATA1 ke zama. Ƙwayar gadon lafiyarta ƙalau, kuma tana aiki a bangon jijiyoyin jini, a jan jini kaɗai ta yi shiru. Manhajar da ke karanta haruffa ba ta san a wace tantanin halitta take ba. Haka batun sikila, wanda ku a Kumasi kuka fara gwada jarirai tun 1995. A 2013 aka nuna wani yanki a cikin intiron na biyu (ɓangaren da ba a juya shi zuwa furotin) na ƙwayar gadon BCL11A, wanda a jan jini kawai yake aiki, shi ke sa a danne haemoglobin ɗin jarirai bayan haihuwa. Maganin Casgevy da Birtaniya da Amurka suka amince da shi a ƙarshen 2023 wannan yankin yake yanka, a mazaunin GATA1. Kalmar GATA tana warwatse a jinom ɗin mutum sau miliyoyi. Wadda ke riƙe da maganin sikila, sai da aka bi yankin ana yanka shi kaɗan-kaɗan ana duban abin da ya faru aka san ta. Ina kawo wannan ne don ki san darajar wuraren goman da malaminki zai gwada.

Kafin ki kai ga ATAC ma, akwai ƙaramar jarrabawa mai arha. A 2010 ɗakin binciken Manuel Llinás ya fitar da kalmomin da 20 cikin ApiAP2 27 ɗin ke kamawa. An kuma san AP2-I yana zama a kan GTGCA a gaban ƙwayoyin gadon da ƙwayar ke shiga jan jini da su. Ki tara gaban waɗancan ƙwayoyin gadon, ki ba manhajarki ta uku ba tare da kin gaya mata komai ba. In ta kasa tono abin da aka riga aka sani, kada ki yarda da ita a kan abin da ba a sani ba.

Sai shawarar da nake roƙon ki kai wa malaminki da ladabi. Kada goman nan duk su zama daga saman jerin. In kun ɗaura goma a gaban lusifares, ƙwayar gadon da ke ba da haske in an kunna ta, duk suka haska, ba ku san ko manhajar ce ta iya ba ko kuwa duk gutsuren da aka ɗebo daga gaban ƙwayar gado zai ɗan haska. A sa shida daga sama, biyu daga waɗanda manhajar ta ce ba komai, ɗaya sanannen furomota, ɗaya kuma cikin shidan amma an lalata kalmar da ake zargi. Na san zafi ne a ba da huɗu cikin goma. Mun taɓa ƙin yin haka, muka yi wata bakwai muna murna da sakamakon da daga baya ba mu iya kare shi a gaban kowa ba.

'Yar Aboabo ta sake rubutawa:

Yaya, Hajiya, Allah ya saka muku da alheri, ya ji ƙan mahaifa. Kwana biyar ke nan ban leƙo ba, ina kan aikin. Daren farko wuta ta ɗauke aikin yana tsakiya, sai na bi shawarar Galaxy, da safe na tarar ya gama.

Yaya, zatonka ya yi daidai. Ta farko da ta biyu duka da furomotan mutum aka horar da su, yana nan a rubuce a shafi na uku na takardar ɗaya, na karanta ta sau nawa idona bai tsaya a kai ba. Jerin "a'a" na mai kashi 95 ɗin kuma daga cikin ƙwayoyin gado suka ɗebo shi. Da na haɗa ta da ɗan takaran nan mai ƙirga A da T, a kan "a'a" masu yawan A da T iri ɗaya, kusan kafaɗa da kafaɗa suka tafi, su biyun kuma wanda ke cewa "duk abin da ke gaban ATG" ya wuce su. Na daɗe ina kallon zanen. Layi goma da na rubuta da hannuna a tsakar gida.

Ta ukun ce ta ba ni mamaki. Na ba ta jerin aunawa daga filayen tsakani na ƙwayar kanta, na cire var da rifin da stevor, sannan na yi mata jarrabawar Hajiya da gaban ƙwayoyin gadon shiga jan jini. ATATAT ta ɓace. A cikin kalmomin da suka hau sama akwai mai GTGCA a tsakiyarta. Na tashi na yi sujadar godiya, Mma tana tambayata ko sakamakon jarrabawa ne ya fito. Sai dai ba zan ɓoye ba, da na canza tsawon yankin daga haruffa 1,000 zuwa 2,000, kalmar ta sauko ƙasa, wasu biyu da ban sani ba suka hau kanta. Ban san ko in ɗauki wannan a matsayin rauninta ba, ko kuwa in rubuta duka biyun.

Jiya na kai wa malamina. Ya yi shiru yana duba zanen, ya ce in cire biyun farko daga zaɓi amma in bar su a kundin da cikakken bayanin dalilin faɗuwarsu, wai wannan ma sakamako ne. Maganar shida da huɗu ce bai sake ba. Ya ce masu ba da kuɗin wurare goma aka yi musu alkawari. Mun tsaya a kan zai yi tunani zuwa Litinin.

Hajiya, in an yarda, ni zan fara fitar da gutsattsarin da PCR, kuma wadda ta riga ni a ɗakin ta ce mini ta yi wata biyu tana samun fili fayau a jel ɗin da ake duba sakamakon PCR a kai. Akwai abin da zan kiyaye?

Ɗan Nima ya amsa:

Ki rubuta duka biyun, ki ƙara 500 da 1,500, ki nuna yadda matsayin kalmar ke motsi. Wanda zai yi amfani da manhajar bayanki yana bukatar ya san tana jin tsawon yanki. Ki kuma ajiye lambar sigar kowace manhaja da ta jinom ɗin da kika sauko da shi, yau ɗin nan, kafin ki manta.

Hajiyar Madina ta amsa:

Fili fayau a jel, na san shi. Yawanci zafi ne. Kowa ya saba miƙa sarƙar a digiri 72, amma DNA mai A da T kashi 90 tana warwarewa a wannan zafin kafin sinadarin ya gama aikinsa. Ki sauko zuwa 60 ko 62, ki ƙara lokacin. Firamominki, 'yan gutsattsarin da PCR ke farawa daga kansu, su yi tsawo, ki nemi inda za su ƙare da G ko C ko da za ki matsa gaba kaɗan. In kin sa gutsuren a cikin bakteriyar E. coli don ta ninka shi, ki rene ta a digiri 30, kuma ki aika a karanta haruffan kowane kwafi kafin ki yi amfani da shi, domin takan yanke wani ɓangare ta jefar ba tare da kin sani ba.

Game da Litinin, ki je masa da lissafin a takarda: in goma duk sun haska, wace jimla zai iya rubutawa, in shida da huɗu ne, wace jimla zai iya rubutawa. Ki ajiye masa a tebur ki bar shi ya karanta da kansa. In ya tsaya a kan takwas da biyu, ki karɓa, amma biyun su kasance wanda manhajar ta ƙi da wanda aka lalata wa kalma.